Sunana a Jikin Ledar Jini

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 1:15 na rana, bayan ɗakin gwaji

Ina rubuta wannan a lokacin hutun cin abinci, a kan bencin da ke kusa da janareta, don kada in manta yadda abin ya faru.

Yau ranar aikina ta goma sha ɗaya a ma'ajiyar jini. Ina cikin wata ukun gwaji, waɗanda ba a ba da albashi. Aikina shi ne in karɓi ledojin jinin da direba yake kawowa a cikin kula daga wuraren ɗiba, in gwada ɗan jinin da ke kwalbar da aka maƙala wa kowace leda, in rubuta rukuninsa da ƙarfinsa. Da ƙarfe 10:40 (agogon bango yana gaba da minti uku, na cire) na ɗauko leda ta bakwai cikin goma sha biyun da suka zo daga ɗakin ɗiba na bayan tasha. A takardar jikinta akwai sunana, da sunan mahaifina, da ranar haihuwata, da lambar katina na jami'a.

Ban taɓa ba da jini ba. Rukunina O ne. Wannan B ne. Ƙarfinsa 9.1, alhali a ƙa'idarmu ba a ɗibar wanda bai kai 12.5 ba.

Na sa jan biro na rubuta "an ƙi". Baba Firji, tsohon ma'aikacin da makullan firji ke hannunsa, ya leƙo ya ce, "Malama Digiri, fatalwa kika gani a kular?" Na ce ƙarni ne ya dame ni. Ya ce shekararsa ashirin a nan, jini ba ya yi wa kowa ƙarni sai mai jin yunwa. Ya gutsuro mini burodinsa. Na karɓa.

Katina na jami'a ya ɓata tun Disamba. Na ɗauka a mota na yar da shi.

Litinin, 6:20 na yamma, gida

Mu uku ne a gidan nan: ni, da Umma, da Auta. Shekarar Auta goma sha shida da wata huɗu.

A shekarata ta biyu a jami'a na soki yatsan kowa a gidan nan don in koyi gwaji. Umma O. Baba, Allah ya jiƙansa, B. Auta ta yi kuka har sai da na sayo mata alewa. Na tuna abin da nata ya nuna. Ba zan rubuta ba.

Akwai ƙwai biyu da suka rage daga ledar da ta shigo da ita ranar Asabar. Tun Disamba take cewa tana koya wa 'ya'yan matar wani mai kanti karatu, in an ga dama a sallame ta da kayan shayi. Umma ta soya ƙwan, ta raba uku. Maganin sugarta ba ya shayuwa sai da abu a ciki, in ba haka ba jikinta ya ɗauki rawa.

Na ci.

Talata, 4 ga Maris, 7:05 na safe

Da Auta ta miƙe daga katifa sai da ta dafa bango. Na ƙirga, daƙiƙa tara.

Laraba, 5 ga Maris, 1:20 na rana

Na roƙi Baba Firji tsofaffin rajistoci, na ce ina son in koyi yadda ake cika su. Ya ce, "Ke kaɗai na taɓa gani tana karanta rajista kamar wasiƙar saurayi." Ya sauko mini da su.

Sunana ya fito sau huɗu.

16 ga Disamba, ƙarfin jini 12.0, nauyi kilo 50.5.
13 ga Janairu, 11.2, kilo 50.5.
7 ga Fabrairu, 10.3, kilo 51.
1 ga Maris, 9.1, kilo 50.

A ƙa'idarmu mace ba ta ba da jini fiye da sau ɗaya a wata huɗu. Ba a ɗibar wanda bai kai sha takwas ba, ko wanda bai kai kilo hamsin ba. Ledoji ukun farko sun zo kafin a ɗauke ni, kuma wanda ya riga ni zama a kujerar nan bai ƙi su ba. An ba da su. Yanzu suna jikin mutanen da ban sani ba.

Na tambayi direba, kamar da wasa, me ake ba waɗanda suka ba da jini a bayan tasha. Ya ce ƙwai shida, da gwangwanin madara, da burodi, da ɗan abin mota a ambulan. Ya ce, "Ko za ki gwada ne? Ai ke sai an haɗa ki da jakarki kafin ki kai hamsin."

Na yi dariya. Ina jin na yi ta yadda ya kamata.

Alhamis, 6 ga Maris, 5:45 na yamma

Auta tana zaune a bakin ƙofa tana tauna ƙanƙara, ƙurus ƙurus, wadda ta roƙo a wajen maƙwabciya. Wata biyu ke nan tana haka. Ni da bakina na riƙa tsokanarta, ina ce mata akuya. A jarrabawata ta ƙarshe tambaya ta uku ita ce alamomin ƙarancin jini, kuma na rubuta sha'awar tauna ƙanƙara, na sami cikakken maki.

Na zauna kusa da ita da niyyar in yi magana. Ta ce, "Yaya Likita, yau jinin mutum nawa kika sha?"

Na ce, "Goma sha huɗu."

Ta ce, "Shi ya sa kike ƙiba." Ta ɗora kanta a kafaɗata. Rigarta mai dogon hannu ce, kuma ana zafi.

Na ce mata ta rage ƙanƙarar, tana lalata haƙori. Abin da na ce ke nan.

Asabar, 8 ga Maris, 11:30 na safe

Auta ta fita ɗebo ruwa, ni kuma ina share ɗaki.

Lokacin da aka rufe kantin Baba, ba abin da ya rage mana sai duwatsun sikelinsa na ƙarfe. Da mai kilo biyu muke tare ƙofar kicin. Ƙofar ta daɗe tana bugawa in iska ta taso, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ashe duwatsun suna ƙarƙashin akwatin Auta, a cikin wata ɗamara ta yadin katifa mai aljihu uku. Biyu masu kilo bibbiyu, ɗaya mai kilo ɗaya. Kilo biyar. Hamsin a cire biyar.

Ɗinkin hannu ne, ƙanana a jere, an ninka bakin sau biyu, har an sa auduga ta ciki don kada ƙarfe ya goge fata. Auta ko zare ba ta iya sa wa allura ba. An sayar da keken ɗinkin Umma bara, amma allurarta na nan a soke a jikin labule.

Na mayar da komai yadda na same shi. Na ƙarasa shara.

Lahadi, 9 ga Maris, 4:00 na yamma

Umma tana tsince shinkafar da ta rage a tire. Na tsaya a kanta har ta ɗago ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya.

Litinin, 10 ga Maris, 1:10 na rana

Na rubuta rahoto, shafi biyu da rabi. Na nuna cewa ɗakin ɗiba na bayan tasha ba ya gwada ƙarfin jini kafin ya ɗiba, ba ya duba fuska da hoton kati, ba ya kula da tazarar kwanaki. Ban tsaya a sunana ba. Na bi rajistar wata shida na sami wasu sunaye takwas da suke maimaituwa, dukansu mata, dukansu nauyinsu na tsayawa daidai kan hamsin ko hamsin da ɗaya. Game da nawa, na rubuta cewa katina ya ɓata, wata ce ta yi amfani da shi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Tunanina shi ne: in aka rufe wurin, ta daina. Ba sai na sa ta ta ji kunya ba, ba sai na tambayi Umma komai ba.

Shugabarmu ta karanta a tsaye. Ta cire tabarau ta ce, "Irinki muke nema." Baba Firji ya jira ta fita. Ya ce, "'Yata, kin san inda yaran nan za su je in an rufe?" Na ce gida. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tafi duba firji na uku, wanda ba abin da ya same shi.

Alhamis, 13 ga Maris, 6:00 na yamma

Shinkafa ta ƙare. Shayi ba madara. Umma ta raba ƙwayar maganinta biyu, ta ce likita ne ya ce. Likita bai ce ba.

Asabar, 15 ga Maris, 3:40 na yamma

Auta ta fita ƙarfe tara da babbar rigarta, ta dawo sha ɗaya da rabi ba komai a hannunta. Umma ta tafi gaisuwar mara lafiya. Zan rubuta abin da muka ce yadda na iya tunawa.

Auta ta kwance ɗamarar a gabana, ta ajiye a kan katifa. Ba ta ɓoye ba.

Ta ce, "An rufe wurin."

Na ce, "Wane wuri?"

"Yaya, don Allah. Ke da kika shekara huɗu kina karatun jini." Ta zauna tana haki. "Mutumin da ke ɗibar jinin ya nuna mini takardar ta taga. Har da sa hannunki, da ɗigon nan da kike yi a ƙarshe kamar kin kashe ƙuda."

Na ce mata ƙarfin jininta 9.1 ne. Na ce kwana goma sha huɗu kacal da ɗibar ƙarshe, yau kuma ta koma. Na ce za ta iya faɗuwa a hanya, zuciyarta ta tsaya.

Ta ce, "To ai kin auna. Me ya rage?"

"Yarinya ce ke."

"A katinki shekarata ashirin da uku." Ta yi 'yar dariya. "Na ma fi ki kyau a hoton, in ji mutumin."

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba.

Ta ce, "Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba? Katifa ɗaya muke kwana. Ƙafarki a kan tawa take kwana. Kika tsallake ni kika je kika rubuta takarda." Ta sake cewa, "Mu tara ne, Yaya. Akwai wadda ƙannenta huɗu. Kin rubuta su a takardar?"

Na ce saura wata biyu da 'yan kwanaki a tabbatar da ni a aiki.

"Sai ki gaya wa cikin Umma ya jira." Ta juya fuskarta bango. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙwai nawa kika ci? Ke da kike ƙirga komai."

Na san amsar. Takwas.

Lahadi, 16 ga Maris, 8:00 na safe

Ba ta yi mini magana ba.

Talata, 18 ga Maris, 6:45 na yamma

Na dawo na tarar da Umma kwance a tabarma, maƙwabciya tana ba ta ruwan suga da cokali. Ta sha magani ba komai a cikinta. Auta ce ta same ta a ƙasan kicin da ta dawo daga makaranta. Auta ce ta ruga ta kira mutane. Ni ina can ina rubuta rukunin jinin wasu.

Na je wajen kawu. Matarsa ta ce ya yi tafiya, alhali takalminsa na bakin ƙofa. Ta ba ni taliya leda ɗaya.

Alhamis, 20 ga Maris, 7:00 na yamma

Auta ta shigo da abinci. Ba ƙwai da madara ba. Shinkafa da nama a cikin robar da ake sallamar masu saye a gidan abinci, roba biyu, da lemon kwalba. Ta ajiye a gaban Umma ta ce wata ƙawarta ce aka yi wa walimar gama karatu.

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya saka."

Ban ci ba.

Daga baya na ci.

Asabar, 22 ga Maris, 2:30 na rana

Tana barcin rana, hannun rigarta ya zame. Na duba cikin gwiwar hannunta, dama da hagu. Tabo biyu a hagu, uku a dama, duk sun bushe. Babu sabo.

Biyar. A rajista huɗu ne.

Babu sabo. Ya kamata in ji daɗi. Gashinta yana ƙamshin wani turare da ba mu da shi a gidan nan.

Litinin, 24 ga Maris, 1:15 na rana

Tunda aka rufe bayan tasha kula ɗaya kawai direba yake kawowa. Na lura ina juya kowace leda in karanta sunan kafin in taɓa kwalbar. A da, ko ba komai, rajista tana gaya mini ranar da ta je da inda ta je da abin da ya rage a jikinta. Yanzu ba abin da yake zuwa teburina.

Laraba, 26 ga Maris, 5:30 na yamma

Na nemi izini na tashi da wuri, na tsaya a ƙofar makarantarsu. Ba ta fito ba. Ƙawarta da suke ce wa Doguwa ta gan ni ta so ta kauce, na riƙo jakarta.

Ta ce Auta ba ta zo ba tun ranar Juma'a.

Na ce ina take zuwa.

"Anti, ni ba ruwana."

"Ke ma kina cikin taran?"

Ta dubi hannunta. Ta ce ita da katin yayarta take zuwa, kuma ita ba ta buƙatar ƙarfe, ruwa kawai take sha kofi shida ta hau sikeli. Ta faɗa da ɗan alfahari. Sai ta ce, "Ke ce kika rufe, ko? Wallahi can ya fi. Allura ce kawai, ka kwanta minti goma, a ba ka ledarka."

Na ce ya fi ina.

Ta ce akwai wata mata mai farar mota da ke tsayawa wajen masu gyaran taya in an tashi. Tana cewa tana neman 'yan mata masu raba abinci a wajen taro. Ta ce huɗu daga cikinsu sun bi ta.

Na ce taron me.

Ta fizge jakarta ta ce, "Anti, ke fa kin yi karatu."

Laraba, 7:10 na yamma

Na tambayi Auta. Wannan karon na tambaye ta, da bakina, a gabanta. Ta ce, "Yanzu?" Ta ci gaba da wanke rigarta.

Na ce zan bar aikin gwajin in nemi wanki ko shara, ko me ne ne, gobe. Ta ce, "Kada ki soma. In kika bari, jinina ya tafi a banza." Ta matse rigar, ta kasa, na karɓa na matse mata. Ta bar ni na shanya.

Juma'a, 28 ga Maris, 6:50 na yamma

Ta fita ƙarfe 7:20 na safe da kayan makaranta. Ta ce wa Umma kada a ajiye mata abinci. Babu abincin da za a ajiye.

Asabar, 29 ga Maris, 6:10 na safe

Gefenta na katifar yana nan yadda ta gyara shi.

Asabar, 4:00 na yamma

Na je wajen masu gyaran taya. Sun ce farar mota ai da yawa. Na je gidan su Doguwa, uwarta ta ce ba ta nan, na ji motsinta a ɗaki. Na je asibitoci biyu na duba sunayen waɗanda aka kwantar, na nemi sunanta, sannan na tuna na nemi nawa.

A ofishin 'yan sanda na ba da komai: shekara goma sha shida da wata biyar, tsawo mita ɗaya da santimita hamsin da shida, nauyi kilo arba'in da biyar ko ƙasa da haka, rukunin jini B, tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ɗan sandan ya ce bai taɓa samun bayani mai tsabta haka ba. Ya ce, "Tana da saurayi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Su wa take bi?" Na ce ban sani ba. Ya ajiye biro.

Lahadi, 30 ga Maris, 10:00 na safe

Umma ta ɗauko ɗamarar daga ƙarƙashin akwatin ba tare da ta nema ba. Ta zauna tana warware ɗinkin da allura, zare bayan zare. Ta mayar da mai kilo biyu bakin ƙofar kicin. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba.

Litinin, 31 ga Maris, 1:30 na rana

Shugabarmu ta kira ni ofis. Saboda rahoton an yafe mini sauran watannin gwaji, an tabbatar da ni daga yau, har an ba ni wani abu in fara da shi. Ta miƙo mini hannu. Na yi godiya. Baba Firji ya same ni a bayan janareta, ya zauna a ɗaya gefen bencin, ya buɗe burodinsa, bai ci ba, har lokacin hutu ya ƙare.

Litinin, 6:30 na yamma

Na sayo rabin buhun shinkafa, da mai, da ƙwai kiret ɗaya, da maganin Umma na wata guda. Mai baro ne ya kawo har ƙofa. Maƙwabta sun leƙo suna sa albarka.

Umma ta dafa na mutum uku.

Alhamis, 3 ga Afrilu, 6:40 na safe

Yau kwana shida. Ga abin da ban sani ba har zuwa yanzu:

Inda aka yi mata allura ta biyar, da wanda ya yi.

Lambar farar motar. Doguwa ta ce akwai 7 a cikin lambar, ba ta tabbata ba.

Ko sauran ukun da suka bi matar sun koma gidajensu. Ban san sunansu na gaskiya ba, na yayyensu kawai nake da shi a rajista.

Abin da Auta ta ce wa Umma ranar da ta kawo mata yadin katifa, da abin da Umma ta amsa.

Ko da na buɗe baki ranar da ta ɗora kanta a kafaɗata, da ta gaya mini.

Ko akwai wanda ya sani, a inda take, cewa ba a barinta ta miƙe tsaye da sauri.

Ko labari ya kai mata cewa akwai shinkafa a gidan nan.

Ko ta ci wani abu yau.